Dakan Garin Jan Ƙarfe: Fasahar Haɗa Ƙarafan Da Tanderu Ya Kasa Haɗawa

A cikin na'urorin katse wuta na zamani da ke tsare layukan lantarki masu ƙarfin kilobolt 11 da 33, irin waɗanda ke raba wuta ga unguwanni da ma'aikatu, akwai wasu fayafayan ƙarfe guda biyu da faɗinsu bai wuce tafin hannu ba. Muddin suna manne da juna, wuta na wucewa. Idan layi ya samu matsala sai su rabu cikin ƙiftawar ido, kuma a daidai lokacin rabuwar wani tartsatsi mai zafin dubban digiri yakan tashi a tsakaninsu. Da da zallar jan ƙarfe aka yi su, da fuskokinsu sun narke sun liƙe, na'urar ta kasa buɗewa a ranar da aka fi bukatarta. Shi ya sa ake yin su da jan ƙarfen da aka cakuɗa da kuromiyam, kuma mafi yawan lokuta daga gari ake fara wannan haɗi.

Fannin ilimin da ke kula da wannan aiki shi ne sarrafa garin ƙarafa, wato a mayar da ƙarfe gari, a danne shi cikin mazubi, sannan a gasa shi har ya zama dunƙule ba tare da ya narke gaba ɗaya ba. A cikin wannan fanni akwai wata dabara da ta shafe fiye da shekara 50 tana jan hankalin masu bincike, ita ce haɗa ƙarafa ta hanyar daka. Ana zuba garin ƙarafa iri biyu ko fiye cikin tulun ƙarfe tare da ƙwallaye masu tauri, a yi ta girgizawa ko juyawa na sa'o'i masu yawa, har garin ya shige cikin juna.

Farin jini da raunin jan ƙarfe

In ban da azurfa, babu ƙarfen da ya kai jan ƙarfe iya ɗaukar lantarki da zafi. Tun shekarar 1913 aka ɗauki tsarkakken jan ƙarfe a matsayin ma'aunin duniya, aka ba shi maki 100, sauran ƙarafa kuma ake auna su da shi. Wannan ma'auni, wanda ake taƙaita sunansa da IACS, shi ne har yau ake rubutawa a takardun bayanin kayan lantarki.

Raunin jan ƙarfe shi ne laushi. Ana iya ƙara masa tauri ta hanyar bugu ko ja, kamar yadda maƙera ke yi, amma da zarar ya sha zafin digiri 200 zuwa 300 a ma'aunin Salsiyas, taurin yakan gushe ya koma yadda yake, alhali bai ma kusa narkewa ba, domin sai a digiri 1,085 yake narkewa.

Tsohuwar hanyar magance laushin ita ce a narka shi da wani ƙarfe. Da kuza ake samun tagulla, da tutiya kuma ake samun wani haɗin mai ruwan ɗorawa da ake ƙera makullai da kawunan famfo da shi. Sai dai kowane ƙarin tauri yana zuwa da asara. Haɗin da ke da kashi 30 cikin 100 na tutiya makinsa a ma'aunin ɗaukar lantarki 28 ne kacal. Ko ɗan fosfaras da bai wuce kashi 0.04 cikin 100 ba, irin wanda ake sa wa jan ƙarfen bututu, yakan sauko da makin zuwa kusan 85. Haɗin jan ƙarfe da beriliyam ya kai wasu nau'o'in baƙin ƙarfe ƙarfi, amma makinsa bai cika wuce 25 ba, ga shi ƙurar beriliyam tana haddasa mummunan ciwon huhu ga ma'aikata.

Dalilin wannan asara yana cikin tsarin ƙarfen. Ƙwayoyin zarra na ƙarfe a jere suke sahu-sahu kamar kunyoyin gona. Lantarki yana gudu salin-alin idan jerin ya daidaita. Baƙon ƙarfen da ya narke a ciki yakan bazu ko'ina kamar gishiri a ruwa, ya hargitsa jerin, lantarki ya riƙa tuntuɓe a kowane taku. To amma idan baƙon bai narke ba, ya zauna a matsayin ƙananan tsakuwoyi jefi-jefi, jan ƙarfen da ke tsakaninsu yana nan da tsarkinsa, lantarki kuma sai ya ratsa ta gefensu. A lokaci guda, tsakuwoyin suna tokare sahun ƙwayoyin zarra, su hana su zamewa a kan juna, wanda shi ne ainihin abin da ke faruwa idan ƙarfe yana lanƙwashewa. Masanin kimiyya Egon Orowan ne ya fayyace wannan tokara a 1948. Sharaɗin kawai shi ne tsakuwoyin su kasance ƙanana ƙwarai, kusa da juna, kuma waɗanda zafi ba ya narkar da su.

Inda narkarwa ta gaza

Faɗin wannan ya fi aikata shi sauƙi. Alumina, wato tsatsar sanholo, ta dace da aikin domin sai zafi ya haura digiri 2,000 take narkewa. Amma idan aka zuba garinta cikin narkakken jan ƙarfe sai ta dunƙule ta taso sama, saboda nauyinta bai kai rabin nasa ba kuma ruwan ƙarfen ba ya jiƙa ta. Girafayit, baƙin da ke cikin fensir, shi ma haka yake yi. Tongstin kuwa akasin haka ne: ya ninka jan ƙarfe nauyi fiye da sau biyu, kuma yana narkewa a digiri 3,422, alhali jan ƙarfe yana tafasa ya zama tururi tun a wajen digiri 2,560. Kafin ɗaya ya narke, ɗayan ya bi iska.

Masu zubin ƙarfe na wannan yanki sun daɗe da sanin halin jan ƙarfe a wuta. Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya ziyarci Takadda a ƙasar Nijar ta yau cikin 1353, ya ba da labarin yadda ake narka shi a zuba shi sanda-sanda, ana ciniki da shi ana kuma kai shi har Gobir da Barno. Masu zubin Ife sun ƙera fuskar Obalufon da kusan zallar jan ƙarfe, aikin da ake jinjina wa saboda narkakken jan ƙarfe yana saurin shan iska ya ɓata zubi. Duk wannan gwaninta ta wuta ce, kuma wuta tana haɗa abin da ɗabi'arsa ta yarda ya haɗu ne kawai.

Yadda aka gano dabarar

Sarrafa garin ƙarafa ya girmi dabarar daka nesa ba kusa ba. A 1910 William Coolidge na kamfanin General Electric ya samar da zaren ƙwan lantarki daga garin tongstin. A 1930 kamfanin motoci na Chrysler ya fito da bushin Oilite, wanda ake yi da garin tagulla a bar masa ƙofofi a ciki a cika su da mai. Irin wannan bushi ne ke cikin fankokin tsaye da ƙananan motocin lantarki, yana shafa wa kansa mai shekara da shekaru.

Ita kuwa dabarar daka an haife ta ne a ɗakin binciken kamfanin International Nickel da ke jihar New York ta Amurka, a wajajen 1966, a hannun John Benjamin da abokan aikinsa. Ba jan ƙarfe ne ya dame su ba a lokacin. Suna neman haɗin nikel ne da zai jure zafin injinan jiragen sama, kuma suna so su watsa ƙananan ƙwayoyin tsatsa masu jure wuta a cikinsa. Bayan hanyoyi da dama sun ci tura, sai suka gwada injin niƙa mai ƙwallaye, suka tarar da cewa garin da ya fito ya haɗu har cikin kowace ƙwaya. Benjamin ya wallafa sakamakon a 1970, daga nan kuma aka samu haɗe-haɗen kasuwanci irin su MA754 da MA956.

A 1983 Carl Koch da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Oak Ridge suka nuna cewa daka garin nikel da niyobiyam yana iya rusa jerin ƙwayoyin zarra baki ɗaya, ya samar da ƙarfe mai tsari irin na gilashi. Wannan ya sa masana suka fahimci cewa tulun daka yana iya tilasta wa ƙarafa shiga yanayin da tanderu ba ya kai su. Daga nan bincike ya bazu zuwa sanholo, baƙin ƙarfe da jan ƙarfe.

Abin da ke faruwa a cikin tulu

Duk sa'ad da ƙwallaye biyu suka yi karo, sukan matse ɗan gari a tsakaninsu. An ƙiyasta cewa kowane karo yana kama ƙwayoyi kimanin 1,000, masu nauyin kusan kashi ɗaya cikin biyar na miligiram. Abin ƙanƙane ne, amma yana maimaituwa sau miliyoyi.

A farkon daka, jan ƙarfe mai laushi yakan baje ya zama falle-falle. Bugun yana fasa tsatsar da ke bayan kowace ƙwaya, sabuwar fuska ta bayyana, kuma idan sababbin fuskoki biyu suka haɗu a ƙarƙashin matsi sai su manne ba tare da wuta ba. A wannan mataki ƙwayoyin garin girma suke yi maimakon raguwa, wani lokaci har ninki uku. Garin mai tauri, alumina ce ko tongstin, yakan farfashe ya maƙale a tsakanin fallayen.

Yayin da bugu ke ci gaba, jan ƙarfen yana ƙara tauri har ya fara tsagewa. Ɓaraguzan su sake mannewa, su sake fashewa. Abin ya yi kama da kirɓin fura a turmi, inda kowane saukar taɓarya ke ninke ƙullin a kan kansa har a kasa rarrabe abin da aka zuba da farko. Fallayen suna ta sirancewa har madubin bincike na yau da kullum ya kasa ganinsu. A ƙarshe akan kai wani matsayi da mannewa da fashewa ke daidaita, girman ƙwayoyin ya tsaya cik, kuma kowace ƙwaya tana ɗauke da haɗin daidai da yadda aka auna tun farko. Benjamin ya lura cewa sai garin mai laushi ya kai aƙalla kashi 15 cikin 100 kafin mannewar ta yiwu yadda ya kamata.

Akwai riba ta biyu. A cikin kowace ƙwayar gari akwai ƙananan yankuna da jerin ƙwayoyin zarra ke fuskantar gefe guda, kuma daka yana rage girmansu zuwa ƙasa da nanomita 100. Don kwatance, kaurin gashin kai guda ya kai nanomita dubu 50 zuwa dubu 100. Tun farkon shekarun 1950 masana biyu, Hall da Petch, suka nuna cewa gwargwadon ƙanƙantar waɗannan yankuna gwargwadon ƙarfin ƙarfen.

Injina da ma'aunai

Injinan daka iri-iri ne. Na girgiza, irin na kamfanin SPEX, yana ɗaukar giram 10 zuwa 20 ne kawai amma shi ya fi zafin bugu. Akwai mai tuluna da ke juyawa a kan faifan da shi ma ke juyawa ta ɗaya ɓangaren, wanda kamfanonin Jamus irin su Fritsch da Retsch suka shahara da ƙerawa, yana ɗaukar 'yan ɗaruruwan giram. Akwai kuma mai sanda a tsakiya da ke motsa ƙwallaye, wanda ke ɗaukar rabin kilo har zuwa kilo 40. Na masana'antu manyan ganguna ne da ke ɗaukar sama da tan guda. Aikin da injin girgiza zai gama cikin mintoci yakan ci sa'o'i a injin sanda, ya ci kwanaki a babbar ganga.

Masu bincike kan fara da nauyin ƙwallaye ninki 10 na nauyin gari, kuma ba sa cika tulun fiye da rabi domin ƙwallaye su samu filin gudu. Saboda jan ƙarfe yana da saurin mannewa, idan aka bar shi haka nan sai ya lulluɓe ƙwallaye da bangon tulu, aikin ya tsaya. Don haka akan ƙara ɗan maiƙo, galibi sinadarin sitiyarik ko itanol, kashi 1 zuwa 5 cikin 100 na nauyin garin. Kafin a rufe tulun kuma akan fitar da iska a cika shi da iskar agon, wadda ba ta haɗuwa da ƙarfe, don kada garin ya yi tsatsa.

Daga gari zuwa kaya

Gari ba shi da amfani sai ya zama dunƙule. Hanya mafi sauƙi ita ce a danne shi cikin mazubi da matsi mai ƙarfi, sannan a gasa shi a zafin da bai kai na narkewa ba, galibi tsakanin digiri 750 da 1,000, a cikin iskar haidirojin ko agon. A wannan zafi ƙwayoyin zarra suna ƙaura daga ƙwaya zuwa ƙwaya, ƙofofin da ke tsakani suna rufewa, kwatankwacin yadda gashi ke mayar da yumɓu tukunya.

Garin da aka daka ya fi na yau da kullum taurin kai a wannan mataki, domin ya riga ya yi tauri ba ya dannuwa cikin sauƙi. Shi ya sa ake komawa ga hanyoyi masu tsada: a danne shi yana da zafi, ko a tura shi ta ƙaramar kafa ya fito sanda, ko a rufe shi cikin gwangwani a matse shi ta kowane ɓangare da iska mai zafi, ko a ratsa shi da lantarki mai ƙarfi yana cikin matsi ya gasu cikin mintoci. Matsalar da ke gaban injiniya ita ce zafin da ke rufe ƙofofi shi ne kuma ke sa ƙananan yankunan da aka sha wahalar samarwa su sake girma. A nan ma tsakuwoyin alumina suna taimakawa, domin suna riƙe iyakokin yankunan su hana su faɗaɗa.

Haɗe-haɗen da ake amfani da su

Haɗin jan ƙarfe da alumina ya fi fice a masana'antar motoci. Jikin mota guda yana ɗauke da ɗigon walda dubbai, kuma bakin injin waldar dole ya ɗauki lantarki mai yawa yana danna faranti a cikin zafi. Idan farantin mai rufin tutiya ne, bakin yakan yi saurin lalacewa ya riƙa liƙewa. Haɗin jan ƙarfe da kuromiyam da zakoniyam, wanda aka saba amfani da shi, yana fara saki idan zafi ya haura kusan digiri 500, shi kuwa mai alumina yana riƙe ƙarfinsa har bayan digiri 800. Fitaccen samfurin kasuwa shi ne Glidcop, mai ɗauke da alumina kashi 0.3 zuwa 1.1 cikin 100, kuma makinsa na ɗaukar lantarki yana tsakanin 78 da 92. Ya kamata a sani cewa shi ba ta hanyar daka ake yin sa ba. Ana narka jan ƙarfe da ɗan sanholo ne a fesa shi ya zama gari, sannan a shigar da iskar oksijin ta mayar da sanholon alumina a cikin kowace ƙwaya. Fifikon daka a kan wannan hanya shi ne yana karɓar kusan kowane irin gari kuma a kowane adadi, har da waɗanda ba sa narkewa cikin jan ƙarfe ko kaɗan. Wasu masu binciken ma sukan haɗa dabarun biyu, su daka jan ƙarfe mai sanholo tare da tsatsar jan ƙarfe domin aluminar ta samu a cikin garin.

Haɗin tongstin da jan ƙarfe shi ke bakin manyan na'urorin katse wuta na layukan dakon lantarki. Tongstin yana tsayawa a matsayin ƙashi, jan ƙarfen da ke cikinsa kuma yana ɗaukar lantarki, idan tartsatsi ya tashi ya narke ya yi tururi ya sanyaya wurin kamar gumi. An saba yin sa ta hanyar danne garin tongstin a bar shi ya tsotse narkakken jan ƙarfe. Daka yana ba da gari mai laushi da ke gasuwa ya cika a zafi mafi ƙanƙanta, kuma jan ƙarfen yana rarrabuwa daidai.

Haɗin jan ƙarfe da girafayit shi ne burushin da masu gyaran janareta da kik-sitata ke canzawa kullum. Girafayit yana rage gogayya, jan ƙarfe yana ɗaukar wuta. Daga wannan layi ne aka shiga gwajin sababbin nau'o'in kabon, musamman girafin, wanda Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ware a Jami'ar Manchesta cikin 2004 suka samu kyautar Nobel a kansa a 2010. Gwaje-gwajen sun nuna cewa dakan da ya yi yawa yana yayyaga waɗannan nau'o'i ya ɓata amfaninsu.

A can ƙololuwar bincike kuma akwai tashar gwajin makamashin haɗa ƙwayoyin zarra ta ITER da ake ginawa a kudancin Faransa, inda wani sashe zai riƙa karɓar zafin megawat 10 a kan kowace murabba'in mita. Bututan sanyaya shi na jan ƙarfe mai kuromiyam da zakoniyam ne. Domin tashoshin da za su biyo baya, masana a cibiyar binciken wannan makamashi da ke garin Toki na Japan suna gwada jan ƙarfen da aka daka da itiriyam don samun wanda zai fi jure zafi.

Cikas da haɗura

Babban abokin gabar wannan fasaha shi ne gurɓata. Ƙwallaye da tulu suna cinyewa a hankali, baƙin ƙarfensu ya shiga cikin garin, kuma baƙin ƙarfe yana cikin abubuwan da suka fi rage wa jan ƙarfe ɗaukar lantarki. Maiƙon da aka ƙara yakan bar kabon da oksijin. Idan oksijin ya maƙale a cikin dunƙulen bayan ƙofofi sun rufe, sannan aka gasa shi cikin haidirojin, su biyun suna haɗuwa su zama tururin ruwa ya kumbura ƙarfen ya tsattsaga shi daga ciki. Ƙarin sa'o'in daka yana ƙara tauri amma yana ƙara datti, saboda haka kowane haɗi yana da lokacin da ya kamata a tsaya.

Ta fuskar makamashi ma dabarar tana da ɓarna, domin ƙasa da kashi 1 cikin 100 na ƙarfin da injin ke ci ne ke tafiya wajen farfasa garin, saura zafi ne da ƙara. Sannan garin ƙarfe mai laushi da sababbin fuskoki yana iya kamawa da wuta da kansa idan aka buɗe tulu a sararin iska, musamman idan akwai sanholo ko titaniyam a ciki. Waɗannan dalilai ne suka sa har yau kayan da ake yi ta wannan hanya ba su da yawa a kasuwa, sai a wuraren da ingancin ya cancanci tsadar.

Abin da ya shafi Najeriya

Kamfanin dakon lantarki na ƙasa, TCN, yana tafiyar da layuka masu ƙarfin kilobolt 330 da 132, kamfanonin rarrabawa kuma suna riƙe da na 33 da 11. Kowane tasha a wannan tsari yana dogara da na'urorin katse wuta, kuma galibinsu da kayan gyaransu daga waje ake sayo su da kuɗin ƙetare. Haka burushin motoci, bakin walda da bushin injina.

Wasu daga cikin ma'adanan da ake bukata suna cikin ƙasar. Tsaunukan Jos sun sa Najeriya a sahun gaba a duniya wajen fitar da kolombayit, tushen niyobiyam, a shekarun 1950, kafin Birazil ta mamaye kasuwar. Akwai dutsen tongstin a Riruwai ta jihar Kano da wasu sassan Bauchi da Filato. Jan ƙarfe dai ƙasar ba ta cikin manyan masu haƙo shi, Chile da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ne ke kan gaba, amma tsofaffin wayoyi da injina tushe ne mai yawa, kuma ana iya tace su a fesa su su zama gari. Tarkacen ƙarafa yana cikin jerin kayayyakin da doka ta hana fitarwa waje, sai dai hani kaɗai ba ya samar da masana'antar da za ta saye shi ta halattacciyar hanya, kuma darajarsa a kasuwar bayan fage ita ke ingiza ɓarayin wayoyi da taransfoma.

Hukumomin da aikin ya rataya a wuyansu suna nan: Cibiyar Bunƙasa Sarrafa Ƙarafa ta Ƙasa da ke Jos, Majalisar Bincike da Bunƙasa Albarkatun Masana'antu da aka kafa a 1987, hukumar NASENI da aka kafa a 1992 tare da cibiyarta ta kayan injiniya da ke Akure, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Abuja. Akwai kuma Dokar Shugaban Ƙasa mai lamba 5 ta 2018, wadda ta umarci ma'aikatu su fifita ƙwararru da kayayyakin cikin gida a kwangilolin kimiyya da injiniyanci.

Ga jami'in da ke tsara kasafi ko duba takardar neman kuɗin bincike, darasin farko shi ne injin daka shi ne mafi arha a cikin jerin kayan aikin. Ba zai yi amfani ba sai da akwatin sarrafa gari a cikin agon, iskar agon ɗin kanta a kai a kai, tanderu mai iskar kariya, injin dannewa, na'urar binciken tsarin ƙarfe da hasken eksire, da madubin ilektiron. Yana kuma bukatar wutar da ba ta yankewa na sa'o'i gommai, domin sakamakon da ba za a iya maimaita shi ba bai da amfani ga masana'anta. Takardar da ta nemi kuɗin injin kawai ba ta ambaci sauran ba, tana bukatar a mayar da ita a gyara.

Darasi na biyu na masu sayen kaya ne. Rubuta "jan ƙarfe mai inganci" a takardar kwangila bai isa ba. Abin da ke bambanta nagari da jabu lambobi ne da ake iya aunawa: makin ɗaukar lantarki a ma'aunin IACS, taurin kayan bayan an gasa shi a zafin da aka ƙayyade, cikar dunƙulen, da adadin kuromiyam ko tongstin da ke ciki. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON da ɗakunan gwaji na jami'o'i za su iya tabbatar da waɗannan kafin a biya kuɗi.

Na uku shi ne bin matakai. Ƙasashen da ke daka garin jan ƙarfe don tashoshin nukiliya sun shafe gomman shekaru suna ƙera bushi da burushi ta hanyar dannewa da gasawa kawai, kuma a can suka tara ƙwararrun da suka san halin gari. Bushin tagulla da burushin girafayit ba sa bukatar injina masu tsadar gaske, ga kasuwarsu a shirye a kowace tashar makanikai daga Apo zuwa Panteka. Masana'antar da ta iya waɗannan, ta kuma samu odar gwamnati mai ɗorewa, ita ce za ta iya karɓar sakamakon binciken jami'o'i a kan alumina da kuromiyam ta mayar da shi kayan da kamfanonin lantarki za su saya.